Ciwon mara na kayar mini da yarinya duk wata, ina neman shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Yarinyata shekararta 14, bara ta fara al'ada. Watannin farko lafiya lau, ko ciwon kai ba ta yi. To yanzu duk wata sai ta kwanta a ƙasa tana birgima, ta riƙe mara tana kuka, ga amai, wani sa'in har da gudawa. Ranar farko da ta biyu makaranta ba ta zuwa. Ina ba ta farasitamol amma ko gezau. Mai kemis ɗin layinmu yana yi mata allura, takan samu barci, sai dai hankalina bai kwanta da allura duk wata ba. Kakarta ta ce shan zaƙi ne ya yi mata yawa. Wadda ta san abin da ake yi ta taimaka mini.

Ummu Sultan: Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah Ya ba ta lafiya. Nima haka na yi fama ina budurwa, sai da na haihu na rabu da shi.

Hajiya Babba: Gaskiyar kakarta. Yaran yanzu daga lemon kwalba sai alewa sai ruwan firij. A hana ta zaƙi da ruwan sanyi in kwanakinta sun matso. A jiƙa mata jar kanwa ta sha. Mu da shi aka raine mu. Sauran kuma haƙuri ne, in ta yi aure zai wuce.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya, yarinya 'yar 14 fa. Ta zauna tana birgima har sai mijin ya zo? 😅

Hajiya Babba: Ke dai ba kya rabo da tsokana. Ni ban ce a aurar da ita gobe ba, na faɗi abin da muka gani ne.

Anti Nas: Sannu Maman Ilham. Kafin na ce komai, wace allura yake yi mata? Kin taɓa ganin kwalbar? Sannan tana da gyambon ciki, ko asma, ko sikila? Jinin yana zuba da yawa? Kuma ciwon yana tafiya bayan kwana biyu ko uku, ko yana nan har bayan ta yi wanka?

Maman Ilham: Anti wallahi ban san sunan allurar ba, shi yake haɗawa a ciki ya fito da ita. Ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan, jininta AA ne. Jinin daidai yake, kwana biyar. Ciwon kuma zuwa rana ta uku ya tafi kamar ba a yi ba.

Anti Nas: To yadda kika kwatanta, ya fi kama da ciwon mara na 'yan mata wanda ba wata cuta a ƙarƙashinsa. Kuma abin da kika ce na cewa da farko lafiya lau take sai daga baya ya taso, haka yake zuwa. A watannin farko yawanci yarinya ba ta fara sakin ƙwai ba, sai bayan wata 6 zuwa shekara ɗaya ko biyu, a nan ciwon ke bayyana.

Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da shimfiɗar cikin mahaifa za ta zube, tana fitar da wani sinadari da ake kira furostagilandin. Shi ke sa mahaifa ta riƙa matsewa don ta turo jinin. In ya yi yawa sai matsewar ta yi tsanani har jini ya ragu a naman mahaifar na ɗan lokaci, shi ne murɗar nan da ke sauka har baya da cinyoyi. Kuma shi dai wannan sinadarin ne ke taɓa hanji, shi ya sa amai da gudawa. Ba shagwaɓa take yi ba, dangin naƙuda ne ƙarami.

Farasitamol ba ya hana fitar sinadarin sosai a mahaifa, shi ya sa kika ga bai yi ba. Wanda ke hanawa shi ne ibuprofen da 'yan uwansa. Ga yarinyar da ta wuce 12, miligiram 400 duk awa 8, bayan ta ci abinci, kada ya wuce 1200 a yini sai da izinin likita. Amma inda iyaye da yawa ke kuskure shi ne lokacin bayarwa. Sai yarinya ta fara birgima da amai sannan a nemi magani, alhali sinadarin ya riga ya cika jiki. A fara da zarar ta ji alamar farko, ko ta ga ɗigon farko. In kwanakinta a tsaye suke, a fara tun ana gobe. A ci gaba a kan lokaci kwana biyu zuwa uku, ko da ta ji sauƙi a tsakani, sannan a ajiye sai wani watan.

Maman Ilham: Ikon Allah. Ni kuwa sai abin ya ci tura nake ba da magani, wai don kada jikinta ya saba.

Anti Nas: Ba irin maganin da ake sabawa da shi ba ne. Kwana biyu ko uku a wata ba matsala ga mai lafiyayyen ciki da ƙoda. Wanda ake sabawa da shi yana iya zama a cikin sirinjin nan da ba ki san sunansa ba.

Mai Famasi: Nan nake son shigowa. Maman Ilham, don girman Allah ki tambaye shi sunan allurar, ki ce ya nuna miki kwalbar. In diclofenac ce, dangin ibuprofen ce, kuma ba ta fi ƙwaya wani aiki ba in dai yarinya na iya haɗiya. Ba dalilin huda mata ɗuwawu duk wata, ga haɗarin ƙurji, ga taɓa jijiyar ƙafa in hannun bai ƙware ba. In kuwa penta ce, wato pentazocine, to a tsaya daga yau. Wannan barcin mai daɗi da kika ce tana samu shi ne ya ɗaga mini hankali. Penta dangin su tramadol da kodin ce, tana kama mutum. Mata da yawa da suka faɗa shaye-shaye ba a wajen biki suka fara ba, da ciwon mara ko ciwon sikila suka fara, har ta kai suna yi wa kansu allurar a ɓoye, cinya ta taurare ta yi gyambo. Kun tuna a 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin saboda yadda ya yi ɓarna, musamman a Arewa. Allurar ba ta yi suna kamar kwalbar kodin ba, amma ɓarnarta ba ta gaza ba.

Ummu Sultan: Innalillahi. Ni fa akwai ƙanwar mijina, duk wata sai an kira mai allura gida, har lambarsa ta haddace. Yanzu ko ba ta al'ada sai ta ce mararta.

Mai Famasi: Ku kai ta asibiti cikin sirri da lalama, ba da faɗa ba. Ana magance shi.

Sannan wasu abubuwa da nake gani kullum a famasi. Ana haɗa wa yarinya ibuprofen da diclofenac da Felvin a leda ɗaya a ce ta watsa. Duka ukun gida ɗaya suke, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, ciki kawai yake ƙonawa. Ɗaya ake zaɓa. Shi Felvin ɗin piroxicam ne, ya fi sauran cin ciki, tun 2007 hukumar magunguna ta Turai ta ce a daina amfani da shi ga ciwo na ɗan lokaci irin wannan. Asfirin kuma ba a ba wa yaron da bai kai 16 ba. Farasitamol ana iya haɗa shi da ibuprofen, wannan ba laifi. Su Flagyl da Ampiclox da tetracycline da ake sha wai don wanke mara, magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne, ba ruwansu da ciwon al'ada ko kaɗan.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi a makarantar kwana Flagyl muka riƙa sha kamar an ce mana wahayi ne.

Goggon Yara: Ni dai na gida nake yi wa nawa, kuma Alhamdulillah. Gorar ruwa nake cikawa da ruwan zafi, in naɗe ta da tawul, yarinya ta ɗora a mara ko a ƙugu. Sai shayin citta da kanumfari da ɗan kirfa, da ɗumi. Tun ana saura kwana ɗaya nake farawa. Wata a cikinsu ko ƙwaya ba ta buƙata. Ɗayar kuwa sai an haɗa da ƙwaya, ba ƙarya.

Anti Nas: Goggo gashin nan magani ne na gaske, an gwada shi an ga yana iya kamo aikin ibuprofen, in aka haɗa su kuma sauƙin ya fi saurin zuwa. A dai naɗe da ƙyalle, kuma kada ta yi barci da gora mai tafasasshen ruwa, na sha ganin ƙuna a mara. Citta ma an yi gwaje-gwaje a kanta, garinta kamar rabin ƙaramin cokali zuwa ƙaramin cokali ɗaya a yini, a kwanaki uku na farko, tana rage ciwo da tashin zuciya. Ba kowa take yi wa ba amma ba ta da tsada.

Hajiya Babba: To ai kun dawo maganata. Na gargajiyan dai.

Dakta (likitar mata): Barkanku da dare. Hajiya ranki ya daɗe, citta da gashi mun yarda, kanwa ce ba mu yarda ba. Gishiri ne mai nauyi, yana tara ruwa a jiki yana wahalar da zuciya da ƙoda. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yadda yawan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi ke da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ba na so mu saba wa yarinya da jiƙon kanwa duk wata tun tana 14.

Zaƙi kuma, rage lemon kwalba alheri ne ga kowa, amma ba shi ke haddasa ciwon ba. Akwai yaran ƙauye da ba sa ganin lemo sai da salla, kuma suna birgima. Abin da ba na so a maganar zaƙi shi ne tana mayar da laifin kan yarinya. Tana cikin azaba ana ce mata ke kika jawo. Ruwan sanyi ma ba ya daskarar da jini a mara, ciki yake zuwa ba mahaifa ba. In ruwan ɗumi ya fi yi mata daɗi ta sha abinta.

Batun aure, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa maganar ta daɗe. Ciwon yakan ragu da shekaru, kuma mata da yawa suna samun sauƙi bayan haihuwa. Amma ba ɗaurin auren ne ke warkarwa ba, kuma ba kowa ba. Waɗanda nake tausayi su ne waɗanda aka ce wa su yi haƙuri shekara goma, aka yi auren, ciwon ya ƙaru, haihuwa ta ƙi zuwa, sannan aka kawo mana.

Amaryar Bara: Dakta kamar da ni kike. Tun ina aji biyu na sakandare nake suma. An ce aljanu, an yi ruƙiyya. An ce sanyi, na sha maganin sanyi har na gaji. An ce raki. Hoton ciki kuwa duk wanda aka yi sai a ce ba komai. Bayan aure abin ya ƙaru, har zuwa bayan gida lokacin al'ada sai na yi kuka. Sai da aka leƙa cikina da na'ura ta cibiya aka ce endometiriyosis ne. Ranar da likita ya faɗi sunan ciwon kuka na yi, ba don tsoro ba, don dai an yarda ba ƙarya nake yi ba.

Ummu Sultan: Allah sarki ƙanwata. Allah Ya ba ki lafiya Ya ba ki masu albarka.

Amaryar Bara: Amin Yaya.

Dakta (likitar mata): Sannu da ƙoƙari. Wannan ciwon, nama ne irin na shimfiɗar mahaifa yake tsirowa a wajen mahaifa, kan ƙwai ko bayan mahaifa ko jikin hanji, duk wata ya kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana taɓa mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, wajen miliyan 190 a duniya, kuma yana iya farawa tun al'adar farko. Hoton ciki na iya fitowa lafiya alhali yana nan.

Saboda haka Maman Ilham, ki gwada abin da Anti Nas ta faɗa yadda ya kamata har wata uku. Ki samo ɗan littafi yarinyar ta riƙa rubuta ranar da jinin ya zo, ranar da ciwon ya fara, abin da ta sha da lokacin. In bayan wata ukun har yanzu tana fashin makaranta, ku zo wajen likitan mata da littafin, kada a tsaya a kemis. Ba sai an jira wata uku ba idan ciwon yana zuwa ba lokacin al'ada ba, ko kullum ƙaruwa yake, ko tun al'adar farko ya zo da tsanani, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari, ko jinin yana jiƙa auduga duk awa ɗaya zuwa biyu, ko yana wuce kwana 7, ko ta yi fari tana jiri. Ciwo kuwa na farat ɗaya a gefe guda tare da amai, wannan na gaggawa ne a daren, yana iya zama afendis ko ƙwai ne ya murɗe.

Maman Ilham: Na gode Dakta, Allah Ya saka da alheri. Amma gaskiya akwai abin da ke hana ni kai ta. 'Yar maƙwabciyata an kai ta, sai aka rubuta mata maganin tsarin iyali. Budurwa fa. Babanta ya yi ta faɗa. Ni in Abban Ilham ya ga wannan a ɗakinta ban san me zan ce ba.

Hajiya Babba: A'a. Wannan kam ban goyi baya ba. A ɗaure wa yarinya mahaifa tun ba ta je ko'ina ba? Kuma me kike koya mata?

Maman 'Yan Biyu: Hajiya tarbiyya ai ba a cikin ƙwaya take ba. Wadda za ta lalace ba ta jiran takardar likita.

Hajiya Babba: Duk da haka. Ranar da dangin miji suka ji ta taɓa sha, in haihuwa ta yi jinkirin wata shida me za su ce? Ku yara ba kwa hango nesa.

Dakta (likitar mata): Damuwar Hajiya ta surutun mutane gaskiya ce, ina ganinta a ɗakin duba marasa lafiya. Amma ta fuskar jiki, ƙwayar ba ta ɗaure mahaifa. Tana sa shimfiɗar mahaifa ta yi siriri, sinadarin ya ragu, jini ya ragu, ciwo ya ragu. In aka daina, ƙwai ya ci gaba da fita. Ba da ita muke farawa ba, sai na farkon ya gaza, kuma sai mun yi tambayoyi, don mai wani irin ciwon ɓarin kai ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ba a ba ta irin ƙwayar tsarin iyalin mai haɗin sinadari biyu. Kafin a kai nan ma akwai mefenamic acid da naproxen, su ma dangin ibuprofen ne, da za a iya canzawa zuwa gare su. Kuma ba wanda zai tilasta muku. Ni nakan ce a zo da uban, in yi masa bayani da bakina. Yawanci in ya ji cewa 'yarsa na asarar kwana biyu duk wata, ga jarrabawar WAEC da NECO ba sa jiran kowa, yakan sauko.

Malama: Ni abin da zan ƙara ba na asibiti ba ne. Neman magani ba ya cin karo da haƙuri ko tawakkali, kuma magani ana duba dalilin shansa ne. Sannan mu iyaye mu rage kunyar nan. In 'yar fari ce, wata uwar ko sunanta ba ta faɗa, balle ta zauna da ita a kan haila. Yarinya ta yi ta ɓoyewa, ƙawaye su ba ta abin da suka ga dama. In ba za ki iya ba, ki haɗa ta da goggonta ko ƙanwarki. A ajinmu na Islamiyya sai an zo babin haila za ki gane yaran nan ba wanda ya taɓa yi musu bayani, hukuncin wanka sun haddace amma ba su san me ke faruwa a jikinsu ba.

Da azumi kuma, in jinin ya zo ai ba azumi a kanta, ta ci abinci ta sha maganinta da rana, ta rama daga baya. Kada kunyar ƙanne maza ta sa ta wuni da yunwa tana murƙususu.

Anti Nas: Malama kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. In ana gobe ne kuma tana azumi, ta sha da sahur bayan ta ci, da kuma buɗa baki.

Kunyar nan ta sa na tuna wani abu. Akwai yarinyar da za ta kai 14 ko 15, ƙirji ya fito, duk wata tana ciwon mara amma ba a taɓa ganin jini ba, har mara ta fara tasowa. Irin wannan an sha kawo mana bayan an gama dukanta a gida ana zargin ciki ne. Alhali tantanin budurci ne ya zo a rufe ruf tun haihuwa, jinin yana taruwa a ciki. Ƙaramin aiki ne a asibiti. Don Allah kada a kira wanzami ko ungozomar gida a yi mata yankan gishiri, daga nan ake samun zubar jini da yoyon fitsari.

'Yar Maraɗi: Sannunku da hira. Tawa sikila ce, shekararta 13, kuma duk lokacin da al'adarta za ta zo sai ciwon ƙashi ya tashi. Ita ma in ba ta wannan ibuprofen ɗin?

Dakta (likitar mata): Al'ada takan tayar wa wasu masu sikila da ciwonsu, ba ke kaɗai ba ce. Amma kada ki ɗora ta a kan shi duk wata da kanki, saboda ƙodar mai sikila tana son lallaɓawa. Ki faɗa wa likitan da ke ganinta cewa ciwon yana bin al'ada, a duba ƙodar, shi zai tsara mata. Kafin nan ruwa da yawa, gashi da ɗumi, farasitamol. Kada a ɗora mata ƙanƙara ko wani abu mai sanyi.

Maman Ilham: 'Yan uwa na aika yayanta kemis ɗin ya tambayo. Ya ce diclofenac yake yi mata, amma in abin ya yi tsanani yana ƙara rabin penta.

Mai Famasi: Kin gani ko. Alhamdulillah da kika tambaya da wuri. Sau ɗaya a wata na 'yan watanni da wuya a ce ya kama ta, amma a rufe wannan ƙofar. Kuma ki gaya wa yarinyar dalili, don kada wata rana ta je da ƙafarta.

Hajiya Babba: Wannan kam bai kyauta ba. Gara kanwar tawa.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya ba za ki saki kanwar nan ba dai 😂

Goggon Yara: Anti Nas, tambaya ta ƙarshe daga ni. Mai makarantar kwana fa? Tawa ƙaramar za ta tafi bana, kuma ita in ya taso komai ta haɗiya sai ya dawo.

Anti Nas: Ki je da kanki wajen matron ko nas ɗin makarantar ranar kai ta, ki ba da maganin da takardar likita, don wasu makarantun ba sa barin ɗalibai su riƙe ƙwaya a akwati. Ki koya mata ƙirga kwanakinta, ta je ta karɓa tun kafin amai ya fara, da ɗan biskit ko burodi. Yawanci in an riga shi, aman ma ba ya zuwa. Ki saka mata gorar gashi ta roba mai murfi a kayanta, da garin citta. Kada ta kwanta wuni guda a gado in tana iya tashi, ɗan tattaki yana sassauta mara. In kuma duk da haka tana amayar da komai har ruwa, likita na iya rubuta mata maganin tsayar da amai, ko irin maganin ciwon da ake sakawa ta dubura, sai ki nemi a rubuta tun kafin ta tafi.